Bargunan Mama huɗu sun raba kanmu: in rataye, in ɓoye ko in yanka?

Anti, barka da aiki. Mahaifiyarmu ta rasu bara. Cikin abin da ya faɗo a rabona akwai tsofaffin bargunan faci guda huɗu, irin waɗanda ake harhaɗa ƙyallaye a ɗinke da hannu, a sa auduga a tsakiya. Biyu ita ta ɗinka, biyu kuma gadonsu ta yi. Ɗaya ja da fari ne na auduga, har yanzu da ƙwarinsa. Ɗaya na siliki da karammiski ne mai adon zare, ya fara tsagewa da kansa. Na uku mai nauyi ne, da tsofaffin wanduna da kwat na ulu aka yi shi. Na huɗu ƙarami ne, na jarirai. Ina so in ƙawata gidana da su. Maigidana ya ce za su mai da mana falo ɗakin tsummokara. Yayata ta ce in sa su a leda in kulle a akwati. Ƙanwata kuma tana so in ba ta mai tsagewar ta yanka ta yi rigunan filo. Na riga na kafa ja da farin a bango da ƙusoshi, yana kallon taga, kuma ina shirin wanke sauran saboda warin ajiya. Me kike gani?

Amsar Anti: Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Kafin mu taɓo maganar maigida da 'yan'uwanki, akwai abu biyu da ba sa jira. Ki sauko da bargon da kika kafa da ƙusa tun yau, sannan ki dakata da wankin da kike shiri. Sauran duk ana iya zama a tattauna, amma waɗannan biyun in sun yi ɓarna ba ta gyaruwa.

Bargon faci hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, audugar tsakiya, da shafin baya, kuma zare kaɗai ya riƙe su wuri ɗaya. Idan ya rataya a kan 'yan ƙusoshi, nauyinsa gaba ɗaya yana taruwa ne a wuri huɗu ko biyar, zaren da ke kewaye da kowace ƙusa shi ke shan wahalar. Ramin ya riƙa faɗaɗa, bakin sama ya riƙa lotsawa tsakanin ƙusa da ƙusa. Ga tsatsa, wadda ba ta barin farin yadi kuma tana cin zaren da ta taɓa. Wajen saukewa ki sa wani ya tallafe shi daga ƙasa, ke kuma ki zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, kada a fizga. Inda zare bai tsinke ba, ramin yakan rufe in kin murza wurin da yatsa a hankali.

Yanzu ga abin da nake gani ya haɗa ku gardama. Kowa a cikinku yana magana a kan bargunan nan kamar abu ɗaya ne, alhali huɗu ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ƙarfin kowanne shi zai faɗa miki aikin da zai iya yi a gidanki. Wani zai jure bango, wani ko ninkewa ba ya so. Kuma gara ki sani tun yanzu, duk yadin da aka baje a ɗaki yana ƙarewa ne sannu a hankali, haske na ci, ƙura na ci. Wannan bai zama dalilin kulle su ba. Dalili ne na ki riƙa zaɓar wanda za ki fitar, da inda za ki sa shi, da tsawon lokacin da zai yi a wurin.

Kada ki yi saurin jin haushin maigida. Ina zaton abin da yake hangowa shi ne barguna huɗu masu launi iri-iri a ɗaki ɗaya, wannan a bango, wancan a kan kujera, wani a kan tebur, ga labule mai furanni, ga dardumar ƙasa mai nata zanen. In haka kike nufi, ni ma ina bayansa. Bargon faci abu ne mai yawan magana, ba ya son a haɗa shi da wani mai surutu.

Amma in yana ganin yadin da aka yi da tsofaffin kaya bai cancanci bangon falo ba, to an daɗe da wuce wurin. A 1971 gidan kayan fasaha na Whitney da ke birnin Niyok ya baje kolin tsofaffin bargunan faci na Amurka waɗanda Jonathan Holstein da Gail van der Hoof suka tara, aka rataye su a bango kamar zanen manyan masu zane, kuma tun daga nan kallon da ake yi musu ya sauya. A 2002 aka fara nuna bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, a birnin Houston, daga baya su ma suka isa Whitney. Da yawansu da ƙafafun tsofaffin wandunan aikin gona aka yi su, har da shatin gwiwa da wurin da aka cire aljihu. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga su a jikin kan sarki. Yadin bai canza ba tsakanin gadon ƙauye da wancan zauren. Abin da ya canza shi ne an ba kowanne bango wanda ba komai a jikinsa, an rataye shi a miƙe, an bar masa fili ta kowane gefe.

Haka za ki yi. Bargo ɗaya tak a falo, kuma ja da farin ne ya dace. Ki kwashe ƙananan hotuna da agogo da kalanda daga wannan bangon. Fentin ya zama launi ɗaya mai sanyi. Ki ɗauki launi guda daga cikin bargon ki maimaita shi a filo biyu na kujera, marasa zane, shi ke nan, ido zai gane da gangan aka yi. Idan a bayan kujera zai rataya, bakinsa na ƙasa ya tsaya sama da inda kan mai zama ke kaiwa, don man gashi yana barin tabo mai wuyar fita. Sannan ki ce wa maigida ya ba ki wata uku. In bayan wata uku har yanzu bai kwanta masa ba, ki mai da shi ɗakin kwana ko barandar cikin gida. Ba wata asara kika yi da wannan alkawarin ba, domin ko ya so ko bai so ba, bargon na bukatar saukowa ya huta bayan wata uku zuwa shida.

Ratayewar da ta dace ita ce wadda ke raba nauyi a kan faɗin bargon duka. Hanya mafi sauƙi: ki sami farin yadin auduga, ki wanke shi don sitatin ya fita, ki ɗinka doguwar jaka mai buɗaɗɗen baki biyu irin wadda ake zura sandar labule, faɗinta kamar santimita 10, tsawonta ya gaza faɗin bargon kaɗan. Ki ɗinka ta a baya, dab da bakin sama, da hannu, a gefenta na sama da na ƙasa. Keke ba ya shiga wannan aikin. Lokaci-lokaci allurar ta ratsa hawa ukun ta fito a kan layin tsohon ɗinki inda ba za a lura ba, don kada shafin baya kaɗai ya ɗauki nauyin ya yage. Amfanin jakar shi ne sandar ba ta taɓa bargon kansa. In sandar katako ce, a shafa mata fenti ko banish a bar ta ta bushe sarai tukuna, saboda ɗanyen katako yana fitar da sinadari mai tsami da ke mai da yadi ruwan ƙasa.

Akwai hanya ta biyu da gidajen adana kayan tarihi suka fi so, ta Velcro, wato abin manna nan mai ɓangare biyu, mai laushi da mai kaushi, irin na bakin takalmin yara. Ana ɗinka ɓangare mai laushi a kan tef na auduga, a ɗinka tef ɗin a bayan bargon da hannu, ɓangare mai kaushi kuma a kafa shi a jikin siririn katako da aka ɗaure a bango. Daɗinta shi ne tsohon bargo ba kasafai yake da kusurwa daidai ba, da wannan sai ki ɗaga nan ki sauke can har ya zauna. Kada dai ki sayi mai gam a baya. Gam, fil, makamin shanya, duk ba su da wuri a nan.

Batun taga ya fi na ƙusa muhimmanci, don shi ɓarnarsa ba ta da ƙara. Haske yana koɗar da rini yana kuma raunana zare, kuma abin taruwa yake yi, ba ya komawa baya in an mai da yadin duhu. Gidajen tarihi suna nuna tsofaffin yadi ne a hasken da bai wuce luks 50 ba (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Ofis mai haske yakan kai 500, rana tsaka kuma dubbai masu yawa. Lissafinsa mai sauƙi ne: awa 10 a hasken 500 daidai yake da awa 100 a hasken 50. Ba na ce ki mai da falonki kogo ba. Ki dai zaɓi bangon da rana ba ta sauka a kansa a kowane lokaci na yini, ki tsaya ki duba da safe da yamma, kuma bangon da tagar take jikinsa yakan fi wanda ke fuskantarta. Ƙwan LED ya fi dogon ƙwai fari da tsohon ƙwai mai zafi sauƙin illa. Ki nisanta shi da kicin, da banɗaki, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, da duk bangon da ke tsattsafo da danshi. Hayaƙi kowane iri, na girki, na taba ko na turare, yana zama a cikin auduga. Ranar da kika rataye ki ɗauki hotonsa da rana, ki ajiye. Ido ba ya lura da koɗewar da ke zuwa kullum kaɗan-kaɗan, hoto yana lura.

In kin fi son ki gan shi a kan gado, wannan ja da farin zai iya, muddin ana naɗe shi gefe kafin a kwanta. Bakin sama ne ke fara mutuwa, inda hannu ke ja, haɓa ke goga. Matan da suka san darajar aikinsu sukan ɗinka wani farin ƙyalle ya rufe wannan bakin, in ya yi datti a warware shi a wanke shi kaɗai. Dabara ce da har yau ba a yi wadda ta fi ta ba.

Sai wanki. Warin ajiya ba datti ba ne, kuma sau da yawa iska kaɗai ke kore shi. Ki shimfiɗa tsabtataccen zanen gado a inuwa ko a ɗaki mai buɗaɗɗun tagogi, ki baje bargon a kai, ki rufa masa wani zanen, ki bar shi yini guda, gobe ki juya. Kada ki rataya shi a igiya. Ƙura kuma, in kina da injin zuƙe ƙura, ki rage ƙarfinsa zuwa ƙarshe, ki ɗora raga mai ƙananan idanu a kan bargon ki zuƙa ta samanta, kina ɗagawa kina saukewa, ban da gogawa. Ragar ce ke hana bakin injin tsinke zaren da ya saki.

Cikin huɗun, na auduga biyu, wato ja da farin da na jarirai, su kaɗai ma za a yi maganar sa musu ruwa, su ma sai in dattin na gaske ne, kuma sai bayan gwaji. Ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan kowane launi, ɗaya-ɗaya, ki riƙe na ɗan lokaci, ki duba. Ki sake da ruwan sabulun da za ki yi amfani da shi. Ko alamar launi kika gani a ƙyallen, magana ta ƙare. Ja ne abin tsoro. Akwai tsohon jan rini na saiwar tsiro da aka sani da jan Turkiyya, wanda ya yi suna a ƙarni na 19 saboda ba ya zuba. Amma tun da William Perkin ya gano rinin sinadari na farko a Ingila a 1856, aka shiga yin jajaye masu araha, kuma da yawansu suna zuba su ɓata farin da ke kusa. Da ido ba za ki bambance su ba.

In ya ci gwajin, a babban bahon wanka za a yi. Ki fara shimfiɗa zanen gado a ciki, bargon a kai. Ruwa mai sanyi, sabulun ruwa mara ƙarfi ɗan kaɗan, ban da bilic, ban da garin sabulu mai sa fari ya yi ƙyalli. Da tafin hannu za ki riƙa dannawa, babu cuɗawa, babu murɗawa. Ki tsiyaye ruwan bargon na kwance, ki sake zubawa, har sai kumfa ta ƙare gaba ɗaya, kuma hakan na ɗaukar ɗauraya da yawa. Jiƙaƙƙen bargo yana ninka nauyinsa, in kika ɗaga shi ta gefe ɗinkin zai ɓalle, shi ya sa da zanen da ke ƙasa za ku ɗauko shi ku biyu. A danne ruwan da tawul, a shanya a kwance a inuwa, fanka na kaɗawa don ya bushe da wuri. Injin wanki, dutsen guga da masu wankin sinadari na shago duk ki manta da su. Ɗigon ruwan ƙasa da kike gani nan da can a jikin farin kuwa, ki ƙyale su. Yawancinsu sun zama jikin zaren, duk abin da zai fitar da su zai fitar da yadin tare. Kada garin neman gira a rasa ido.

Na silikin shi ne ya fi ba ni tausayi, kuma shi ne ya fi bukatar ki fahimci abin da ke damunsa. Ba asu ba ne, ba kuma sakacin Mama ba. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 da nauyi ake cinikin siliki. Idan aka dafa ɗanyen siliki don a cire danƙonsa yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, sai masana'antu suka riƙa jiƙa shi a gishirin ƙarfe, musamman na kuza, don ya mai da nauyin har ya ƙara. Yana sabo yana da sheƙi da kyan zubi. Da ya tsufa sai ƙarfen ya sa zaren ya bushe ya riƙa karyewa, yadin ya tsattsage a tsaye kamar an bi shi da reza, daga baya ya zama gari. Babu maganin da ke mai da shi. Haske, danshi da taɓawa suna ƙara masa sauri. Irin wannan bargo na gutsattsarin siliki da karammiski marasa tsari, mai adon zare a kan kowace mahaɗa, ya yi tashe sosai a Amurka da Ingila a shekarun 1880, bayan babban baje kolin Filadalfiya na 1876 inda kayan Japan suka ɗauki hankalin mutane. Tun asali ma don ado ake yinsu, a yafa a kan kujerar falo, ba don sanyi ba, shi ya sa da yawa ba su da audugar tsakiya.

Saboda haka wannan ba ya hawa bango, ba ya ganin ruwa, ba a ninke shi da ƙarfi. A kwance yake so. In kina da gadon da ba a kwana a kai kullum, ki baje shi a can ki rufe da farin zane, ki buɗe ranar da kike so a gani. Wuraren da suka tsage, ki sami raga mai laushi sosai irin ta mayafin amare, mai launin da ya yi kusa da na wurin, ki yanka daidai girman ƙyallen, ki ɗinka ta a kan mahaɗar da ke kewaye inda yadi ke da ƙarfi. Allura ba ta shiga cikin silikin da ya mutu. Ragar tana riƙe gutsattsarin a mazauninsu kuma ana ganin launin ta cikinta. Kada wani ya ba ki shawarar gam ko yadin da ake mannawa da guga. Ƙa'idar gyaran tsohon yadi ita ce duk abin da kika yi ya zama ana iya warware shi. In akwai gidan tarihi kusa da ke mai sashen yadi, ya cancanci ki nemi mai gyara ya duba miki wannan ɗin.

Kin ga ke nan amsar ƙanwarku ta fito da kanta. Filon da aka yi da silikin da ke karyewa ba zai jure jingina ba, kafin a je ko'ina ya zube, a tashi ba bargo ba filo. Ni ba na cikin masu cewa haramun ne a sa wa tsohon bargo almakashi. Sana'ar kanta daga sake amfani da tsohon yadi ta fito, haka matan yankin Bengal na Indiya da Bangladesh ke jera tsofaffin zannuwansu na sari su ɗinke, haka manoman arewacin Japan suka riƙa yi wa tufafinsu maho a kan maho. In bargo ya mutu fiye da rabi, ba a san wanda ya yi shi ba, kuma duk masu haƙƙi sun yarda, a ɗauki hotonsa cikakke, a yanke ɓangaren da ya rage a sa a firem. Naku bai kai nan ba, kuma kun san hannun da ya bi.

Ina kuma zaton ba filo ne ya dami ƙanwarku ba. Barguna huɗu sun tafi gida ɗaya, ita tana so ta ga wani abu na Mama a nata ɗakin. Rabonki ne, babu mai tilasta miki, amma da ni ce da na ba ta ƙaramin na jarirai, ko kyauta ko aro. Shi ya fi sauƙin ratayewa saboda ba nauyi, yana kuma shiga firem, in dai an ɗinke shi a kan allo mai rufin yadi kuma gilashin bai taɓa shi ba. Ki dai gaya mata kada a lulluɓa wa jariri shi. Likitocin yara suna hana sa bargo, filo ko wani abu mai laushi a gadon yaron da bai shekara ba, saboda haɗarin toshe numfashi. In kuma zanen na silikin ne ya shiga ranta, a ɗauki hotonsa mai kyau a buga a kan sabon yadi, ta yi filo goma in ta so.

Yayarku ta fi kowa kusa da gaskiya a niyya, ta fi kowa nisa a hanya. Leda tana kulle danshi, kuma da zarar laimar iska ta haura kashi 65 zuwa 70 cikin 100, fumfuna ta samu wurin zama. Akwatin katako mara fenti, kwali da takardar jarida duk suna da tsamin da ke barin layin ruwan ƙasa daidai kan ninki. Abin da ake so shi ne a naɗe bargo a farin zanen auduga da aka wanke, a cusa wani yadi mai laushi a cikin kowane ninki don kada ya karye, a ajiye a cikin ɗakin da mutane ke zaune, inda zafi da sanyi ba sa hawa da sauka sosai. Sito mai zafi, saman silin da ƙasan bene mai laima ba wurinsa ba ne. Kada a ɗora masa kaya. Duk wata uku ko huɗu a fito da shi a sake ninkewa ta wani layin daban, don ninki ɗaya na shekaru yana yanke zare. Kafur kuma kada ya taɓa yadin. Tunda ita ce mai son adanawa, ki ba ta aikin. Wanda ya sauko daga bango ya je hutu wurinta, ta ajiye shi ta wannan hanyar. Mutumin da aka ba amana ya fi wanda aka ce masa ya yi kuskure saurin sauka daga ra'ayinsa.

Na ulun ya yi wa bango nauyi. Wurinsa ƙarshen gado, a ninke, ko bayan kujerar da ba a cika zama a kai ba, ko a kan sandar da aka naɗe da yadi. Launukansa masu duhu suna kyau kusa da katako da fata, kuma ban yi mamaki ba in shi ne ya fara burge maigida. Kada ki wanke shi, ulu yana tsukewa ya cure, rini mai duhu kuma yana zuba. In kin ga baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa sun fi sauran ƙyallayen lalacewa, tsohon rini ne da ake kama shi da ƙarfe, shi ke cin zaren. Babban abokin gabarsa asu ne, kuma tsutsar ce ke ci, ba mai fiffiken ba. Tana son duhu, da wurin da ba a motsawa, da ragowar gumi. Ki duba cikin ninki da mahaɗa, in kin ga ƙananan ramuka, ko saƙa kamar ta gizo, ko gari kamar yashi, to akwai ta. Nan ne kaɗai leda ke da amfani: ki sa shi a ciki a bushe, ki matse iskar, ki ɗaure sosai, ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili, mako biyu ba tare da wuta ta yanke ba. In kin fitar, kada ki buɗe sai ya kwana ya dawo zafin ɗaki, don raɓar ta tsaya a bayan ledar. Kafin ki tabbatar ba shi da asu, kada ya kwana kusa da na silikin. Kyanwa ma, in kuna da ita, ta fi yara haɗari a kansa.

Abu na ƙarshe ku uku za ku yi shi tare, kuma kada a jinkirta. Kowane bargo a yi masa takarda ta yadi: sunan wadda ta ɗinka, wurin da ta zauna, shekarun da ake zato, da hannun da ya bi har ya zo gare ki. Wajen ƙiyasin shekaru, bargo ba ya girme ƙyallen da ya fi sabunta a jikinsa, don haka ƙyalle ɗaya da wata gwaggo ta tuna lokacin da aka saye shi ya fi duk wani hasashe. Ku kai hotuna wurin manyan da suka rage a dangi ku tambaye su rigar wa ce wannan, wandon wa ne wancan. A rubuta da alƙalamin yadi mara zuba a kan wani farin ƙyalle daban, a wanke ƙyallen a ga tawadar ta zauna, sannan a ɗinka shi da hannu a kusurwar baya. Kada a yi rubutu a jikin bargon kansa, tawada tana ratsawa ta fito ta fuska.